Tuwo Mai Ido

Ina cikin shekarata ta biyu a Jidda surukina ya zo umra. Muna zaune a unguwar Bagdadiyya, hawa na uku na wani tsohon gini, ɗaki biyu da kicin ɗin da in za ka buɗe firji sai ka fita waje ka ba ƙofar hanya. Maigidana yana aikin rubutu a ofishin masu fiton kaya daga tashar jirgin ruwa. Mutum ne mai shiru, amma da an danna masa rikoda bakinsa yake buɗewa. A wancan zamani kaset muke aikawa gida maimakon wasiƙa, kuma babu kaset ɗin da zai cika bai sa tuwona a ciki ba.

"Baba, tuwon shinkafar yarinyar nan, ko babu miya sai ku ci."

Ina jin sa daga kicin, da baki ina cewa ya rage, a zuci ina cewa ya ƙara.

Shi Baba bai taɓa cin girkina ba, don mako ɗaya da biki aka sa ni a jirgi. A kaset ɗinsa na ƙarshe kafin ya taso, bayan gaisuwa da labarin damina, ya ce in ya gama da ɗakin Allah, abu na gaba da zai nema a ƙasar nan shi ne tuwon nan da aka cika masa kunne da shi. Sau uku na mayar da wurin na saurara. Daga ranar nake auna shinkafa a kaina ko ina salla, Allah ya yafe mini.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata 'yar Filifin, tela a wani shagon ɗinkin mata. Kirista ce, ta girme ni da kamar shekara goma, ta bar 'ya'ya biyu a hannun mahaifiyarta. Ita ta koya mini in riƙa kiranta Ate, wato yaya a bakinsu. Turancinta gudu yake yi, nawa kuwa na sakandare ne, da sanda yake tafiya. Saboda haka muka haɗa namu yaren: Larabcin kasuwa, ɗan Turanci, sauran kuma hannu ya ƙarasa.

Ta hanyar kwano muka saba. Farkon abin da ta miƙo mini fiya ce da aka dama da madara da sukari, har da ƙanƙara a ciki. Ni da na san fiya da gishiri, na sha ina jiran cikina ya kai ƙara, bai kai ba. Wata rana ta kawo wani abu shunayya, launin maganin nan da ake shafa wa yara a ƙurji. Ta rantse doya ce, haka Allah ya halicce ta a garinsu. Na ci furen ayaba a hannunta, na ci taliya mai zaƙi kamar alewa. Ni ma ban bar ta haka ba. Ƙuliƙulina ya kusa raba ta da haƙori, kuma ranar da ta ga miyar kuɓewa tana bin cokali har sama, ta ajiye cokalin a hankali ta ce a ba ta lokaci. Tun da ta lura ina ɗari-ɗari da tukunyarta, ta sayo sabuwa ta ware, ta ce wannan tawa ce, ba ta dafa komai a ciki sai abin da za ta ba ni. Ban roƙe ta ba. Har yau in na tuna tukunyar nan sai na yi mata addu'a.

Ranar wata Juma'a maigidana ya fita tun da sassafe zuwa Makka ya ɗauko Baba, da cewa za su iso bayan an sauko daga masallaci. Kafin hantsi na gama miyar taushe, da kabewa da gyaɗa da tantaƙwashi, har maƙwabta na jin ƙanshi. Saura tuwo, shi kuma ba a yi masa gaggawa. Sai na ce bari in sake wanke tsakar ɗaki, karo na uku ke nan tun jiya. Santsin sabulu ya kwashe ni, na tokare da hannun dama.

Kafin in gama salati wuyan hannun ya kumbura. Na gwada riƙe muciya, ta faɗi. Na gwada da hagu a tukunyar da babu komai, tukunyar ta riƙa zagaye tana bin muciyar. Babu waya a gidan, kuma matan garinmu da za su taimaka suna can unguwar Mahjar, ni kuwa ko hanyar ban sani ba ni kaɗai. Na zauna a ƙasan kicin na fashe da kuka.

Juma'a ce ranar hutun Ate. Ta ji ni ta shigo, ta duba hannun, ta naɗe shi da ƙyallen ɗinki, ta ce targaɗe ne, ba karaya ba.

"Ba hannun nake wa kuka ba, Ate. Baban maigida yana hanya, kuma tuwo zai ci."

Ta ɗago kai da sauri. "Tuyo?"

"Tuwo, eh."

"Yana son tuyo? Tsohon?"

"Saboda shi ya kusa hawo jirgi!"

Ta dafe ƙirji tana dariya. Ta ce ba ta taɓa sanin muna cin sa ba, ai su abincin gida ne, tun suna yara. Ni kuma na ce a raina, ikon Allah, ashe tuwo har Filifin ya kai. Ban yi mamaki sosai ba, don a ganina duk inda shinkafa take dole wani ya taɓa tuƙa ta.

"Da shinkafa?" ta tambaya.

"Na shinkafa. Ta dahu luguf." Na kwatanta mata tuƙi da hannun hagu.

Ta ce su da safe suke cin irin wannan. Na ce mu ma muna ci da safe, in ya kwana. Ta gyaɗa kai kamar ta gane, ni ma na gyaɗa.

"Kam habba?" Wato guda nawa.

Na lissafa malmala: biyu Baba, biyu maigida, biyu na ɗumame. "Sitta," na ce. Shida.

Na ga fuskarta ta ɗan motsa, kamar wadda aka taka wa yatsa a cikin jama'a. Amma nan take ta ce, "Halas, sitta," wato shi ke nan, ta fita.

A nan ne fa Shaiɗan ya samo kujera ya zauna kusa da ni. Na ce ai miyar tawa ce. Tuwo kuma in ya shiga kwano ba ya faɗin wanda ya tuƙa shi. Ba ƙarya zan yi ba, shiru kawai zan yi. Na ɗauko babban mayafi na rufe hannun da ke naɗe, na dubi madubi na ga babu abin da ya fito.

Can wajen azahar wani wari ya cika bene, kamar an ɗora teku a kan wuta an manta da shi. Na ji wata mata a hawa na biyu ta rufe tagarta da ƙarfi tana faɗa da Larabci. Na kunna turaren wuta ina jin haushin ko wane ne wannan mara tausayi da ya zaɓi ranar baƙona.

Suka iso. Na durƙusa daga bakin labule na gaida Baba, dogon tsoho mai farin gemu da muryar da na sani a kaset. Ya sa mini albarka, ya ce, "'Yata, ba sai an ja zance ba, kin san abin da ya kawo ni." Ana haka Ate ta ƙwanƙwasa, ɗauke da tire da kwanuka biyu a rufe. Ni ba zan iya ɗauka da hannu ɗaya ba, sai na yi wa maigida alama ya karɓa, kamar dai aron tire na yi. Ya shige da shi, ya dawo ya ɗauki miya. Na tsaya bayan labule ina sauraro.

"Baba, ga tuwon da nake ba ku labari."

Na ji ƙarar murfi. Na ji na biyu.

"Kai," in ji Baba a hankali, "wannan tuwon naku na Jidda, ido gare shi?"

Na leƙa ta gefen labule. A kwano ɗaya kunun shinkafa ne mai kauri, baƙi-baƙi, da zanen madara a kansa, ƙanshin cakulan na tashi. A ɗayan kuma ƙananan busassun kifi shida, soyayyu, a jere kamar sahun salla, kowanne ya zuba wa surukina ido. Maigidana yana kallon kwanon, yana kallon labule, bakinsa a buɗe, yau babu rikoda kuma babu magana.

"'Yata, matso. Ke kika yi wannan?"

Ga hanya a buɗe: in ce kuskuren tire ne, na maƙwabta ne, nawa yana kan wuta. Amma babu komai a kan wuta, kuma kifayen nan shida suna kallona ni ma. Na fito na durƙusa, na yaye mayafin, na nuna hannun. Na faɗi komai, har da niyyar da na yi ta yin shiru a ci tuwon wata da sunana. Ina magana hawaye na zuba a tsakar ɗakin da na wanke sau uku.

Baba ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya samu numfashi ya ce, "To ai Allah ya so ki, da ya aiko shaidu har shida. Kira mini mai tuwon."

Ate ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwalina a kanta. Nan muka warware zancen: a garinsu tuyo sunan wannan kifin ne, wanda ake shanyawa da gishiri, kuma da wannan kunun cakulan ake cin sa. Da na nuna mata yadda malmalar tuwo take da hannu, ta rufe fuska ta ce a bar ta ta koma ƙasarsu yau.

Abin da ban sani ba, Baba a bakin kogi ya tashi, kuma da ƙuruciyarsa ya yi fataucin bandar kifi. Ya ɗauki kifi ɗaya ya juya shi, ya shinshina, ya ce wannan bai ga hayaƙi ba, rana da gishiri ne kawai, kuma wanda ya shanya shi ya san aikinsa.

"Tambaye ta, kunun ne ke rakiyar kifin, ko kifin ne ke rakiyar kunun?"

Ate ta nuna masa: a ɓare kifin, a marmasa a kan kunun, a haɗa a cokali ɗaya. Maigida ya ce, "Baba, ba dole ba ne fa, bari in sauka in sayo burodi." Baba ya ce, "Zauna. Kai da ka cika mini kunne, kai za ka fara." Maigidana ya kai cokali baki da fuskar mai shan maganin zazzaɓi. Baba ya yi bisimilla ya bi bayansa. Ya tauna, ya sake kai wani.

"Zaƙi na faɗa da gishiri," ya ce, "kuma ban ga wanda zai yi nasara ba. Bari in ƙara in gani."

Ya cinye kifi biyu, maigida ɗaya. Miyar taushena kuwa da cokali ya sha ta, ya ce ita ma ba ta zo duniya a banza ba.

A kicin na tambayi Ate abin da ya sa fuskarta ta canja da na ce shida. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa. Mahaifiyarta ce ta naɗo mata kifin a takarda, ta sa a gwangwani, ranar da za ta taho. Ɗaya take soyawa in kewar 'ya'yanta ta dame ta, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda maƙwabta. Bakwai suka rage mata, a ciki ta soya mana shida. Na koma bakin labule na gaya wa Baba. Ya turo kwanon da sauran ukun, ya ce mu ci tare ni da ita, umarni ne. Muka zauna a ƙasan kicin muka ci, ita tana dariya tana share ido, ni ina ci da hagu ina neman gafara.

Kwana biyar Baba ya yi da mu, hannun bai warke ba. Ate ce ta riƙe muciya bayan ta taso daga aiki, ni ina tsaye a kanta ina ba da umarni kamar malamar makaranta. Tuwon ya yi gudaji, malmalar ta fito kamar an taka ta. Baba ya ci ya ce a gaya wa tela ɗinkin bai yi daidai ba amma rigar ta shiga. Da hajji ya zagayo, wani alhaji daga garin su Baba ya hawo benenmu yana haki, da ƙullin banda a cikin buhu, ya ce Baba ya ce ya ba "mai tuwo", ba matar gidan ba.

Nawa tuwon sai bayan shekara biyu Baba ya ci, da muka je gida hutu. Na tashi tun da wuri na tuƙa shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na mulmula shi sumul, na kai masa da kaina na koma gefe. Ya buɗe kwanon. Ya ɗaga malmala ɗaya ya leƙa ƙarƙashinta, ya juya ta, ya leƙa ɗaya gefen.

"'Yata," ya ce, "ina idon?"

Sannan ya cinye duka, ya miƙo kwanon a ƙaro.