Muryar Inna a Cikin Manhaja

Jiya ina gyaran manhajar da na rubuta wa manoman da ba sa karatu, na danna hoton wake, sai muryar marigayiya kakata ta fito: "Wake."

A tsakar gidanta a Yekuwa na ɗauki muryar, tana kaɗa miya, ƙamshin daddawa ya cika ko'ina. Da na kara mata salula a baki, ta yi dariya har da hawaye. "Kai maigida, ashe ƙarfen naka ko wake bai sani ba?"

Abokin aikina ya ce mu sake ɗauka, wai carar zakara ta shiga ciki. Na ce a bar min ita haka. Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya sake haɗa fuskokinmu.