Zaren da Inna ta yanka sabulu da shi

Wata Laraba, a bazarar shekarar da nake aji huɗu, na dawo daga makaranta na iske Baba zaune gindin dogon yaron gidanmu a Wurno da rana tsaka, takalmansa na roba a gefe. Bai saba dawowa kafin la'asar ba. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an sallami leburorin da ke yashe hanyoyin ruwan noman rani, har da shi.

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. Albashin malamai da ma'aikatan asibiti ya riƙa makara, mahauta suka rage yanka, shayi da madara ya zama sai baƙo ya zo. Inna, mahaifiyata, tana sayar da sandunan sabulu da man gyaɗa a cikin gida, sai kaya suka zauna muna kallonsu suna kallonmu. Baba ya fara zagaya rumbun da muka ajiye geron shuka. Inna ta ce, "Malam, in mun ci iri, mi za mu zuba ƙasa in ruwa ya sauka? Ka ɗan yi min haƙuri."

Washegari ta ɗauko zaren ɗinki, ta cije bakinsa da haƙori, ta yi ta yanka sabulu ƙanana-ƙanana kamar alewa. Mai kuma ta koma aunawa da murfin kwalba. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana dariya: "Wanga sabulu ko hular jinjiri ba shi wankewa!" Inna ta ce, "Mutane ba su bar wanki ba, sanda ce ta fi ƙarfinsu." Ba a jima ba Maman Ladi, matar malaminmu mutumin Filato, wadda da take ɗaukar sanda sukutum, ta shigo tana sunkuyar da kai. Inna ta naɗe mata yanki a ganye, ta ja ta da hira kamar haka aka saba. Har mai dariyar sai da ta aiko ɗiyarta. Nama ya ɓace a miyarmu, tuwon rana ya koma kunu, amma ba a buɗe rumbu ba sai ranar shuka.

Yau ina sarin kayan masarufi, ina kai wa masu shaguna a Rabah da Goronyo. Ba na jiran rediyo: da sun bar manyan gwangwanaye suna neman ƙananan ƙulli, na san an sake tsukewa daga sama. Yanzu inji ke ƙullawa, amma ba ya jan kowa da hira don ya rufa masa asiri. Duk cinikin da na iya, a bakin zaren nan na koya.