Jan Hatimin da Alhaji Sabi'u Ya Ji Kunyar Nema

Ban taɓa mantawa da ranar da na fassara godiyar dattijo ga mutumin da ke cutarsa ba. A birnin Guangzhou na China ne, cikin watan Jimada Sani, shekara ta biyu bayan ɗage kullen korona, lokacin da 'yan kasuwarmu ke rububin odar kayan ƙaramar Sallah. Ina mataimakin manaja a ofishinmu na jigilar kaya da ke titin Huanshi, aikina tafinta da takardun kwantena.

Ku da kuka zo aiki ofishin nan kwanan nan, ga yadda tsarin yake. Masana'anta ba ta ba baƙo kaya bashi sai kamfanin inshora ya tsaya mata. Idan ɗan kasuwa ya gaza biya, sai a sa sunansa cikin masu taurin bashi. Daga ranar, duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa kalma ɗaya zai ji: meyo, wato babu.

Alhaji Sabi'u ɗan Kantin Kwari ne, mai shadda da leshi. Lokacin kulle kayansa suka maƙale, naira ta faɗi, ya kasa biyan wata masana'antar yadi. Da ya farfaɗo bai ɓuya ba. Ya zo da ƙafarsa, ya tara dattawanmu, aka zauna da mai masana'antar, wanda kowa ke kira Loban, wato maigida. Aka yafe wani abu, aka raba saura kashi-kashi, aka sha shayi, namu suka shafa fatiha. Alhaji ya biya tas, ta hannun 'yan canji yadda muka saba: ya zuba naira a Kano, wani a nan ya tura wa Loban kuɗin China daga nasa asusun.

Da ya dawo sayen kayan Sallah, kowa ya ƙi shi. Na bincika, sunansa na nan daram cikin masu taurin bashi. Jami'ar inshora ta yi mini bayani cikin irin ladabin nan mai ƙona rai: a wurinsu Alhaji bai biya ko sisi ba, tunda kuɗin ya shigo da sunayen da ba su sani ba. Za a gyara idan masana'anta ta rubuto cewa an biya, da jan hatiminta a kai.

Na ce, "Alhaji, ranar sulhu ba ku karɓi takarda ba?"

Ya ce, "Malam Nura, mutum ya rage mini bashi, mun ci abinci tare, sannan in ce ya rubuta? Ai na mai da shi maƙaryaci ke nan. Kuma alhazai sun shaida."

"Alhaji, ko alhazan Kano duka aka kwaso, a garin nan ba su kai hatimin roba ɗaya ba."

Muka je wurin Loban. Bai musa ba ko kaɗan. Ya rungume Alhaji, ya kira shi tsohon aboki, ya zuba shayi. Sai dai hatimin yana hannun akawu, akawu kuma ya tafi ƙauye. Da muka koma, akawu ba shi da lafiya. Ban taɓa ganin akawu mai yawan jarrabawa irin wannan bawan Allah ba. Daga ƙarshe Loban ya fito a mutum: akwai ragowar yadi a sito wanda rini ya ɓata, in Alhaji ya kwashe da kuɗi hannu, yau za a buga hatimi.

Na juya na ce da Hausa, "Alhaji, wannan fashi ne da butar shayi. Mu tashi, mu nemi lauya."

"Lauyan zai gama kafin jiragen kayan Sallah su bar tashar ruwan Nansha?"

Na ce ba zai gama ba.

Ya ce, "To ɗana, faɗa masa na gode."

Na faɗa, da Sinancin da na sha wahalar koyo a jami'a.

Alhaji ya sayi yadin da kuɗin da ya tanada na kafin alƙalamin kayan Sallah. Aka buga hatimi. Inshora kuma ta bi matakanta a natse, ofis zuwa ofis, ba ta cire sunan ba sai da aka ga watan azumi. Kaya ba sa isa Kano daga nan cikin wata guda ta ruwa. Sallar ta wuce shi, kwastomominsa na Maraɗi da Damagaram suka koma rumfar maƙwabcinsa, wasu har yanzu ba su dawo ba.

Haushin Loban ina ji, amma ba shi kaɗai ba. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa bashi rubuta shi ake yi, sai muka mai da umarnin abin kunya, Sinawa kuma suka riƙe mana shi. Saboda haka duk Alhajin da kuka raka zaman sulhu, kuɗi ya fita da sunansa, hatimi ya sauka a gabanku, sannan a ɗaga hannu a yi fatiha. In ya ce kun ba shi kunya, ku ce ya yi haƙuri, ku ci gaba da zama.