Turken da ya yi ganye

Irmiya ma'aikacin gandun daji ne, mutumin Kagoro, aikinsa renon 'ya'yan itatuwa. Shi da matarsa Tabita haya suke a maƙwabtanmu a Tudun Wada. Dogo ne, ba ya son magana, kullum da wuƙar yankan reshe a aljihu. Ran Lahadi kaɗai ake ganin hannunsa babu laka.

A ƙofar gidanmu akwai wani tsohon durumi. Kakar maigidana ta ce haka ta tarar da shi, ita ma haka aka faɗa mata. Gidan mahauta ne namu, kuma a gindinsa maigidana, Allah ya jiƙansa, yake shimfiɗa buzu ya yi lazimi idan ya dawo daga mayanka. Shekarar da ya rasu kuɗin mai ya shigo, soja na ta faɗaɗa hanyoyi. Ina cikin takaba aka shafa wa durumin jan fenti.

Tabita ta same ni ina kuka a bakin murhu. Na ce mata ba mai gidan, yanzu kuma ba inuwarsa. Washegari ta dawo da saƙo daga mijinta.

"Yaya Ashatu, Baban Rahila ya ce durumi ba ya buƙatar iri. Reshensa za a kafa, kuma abin da zai fito shi ne dai wannan itacen, ba wani ba."

Kafin katafila ta iso Irmiya ya hau ya sare rassa masu kaurin damtse. Ya jingine su a inuwar zaurenmu, ya ce a bar su farin ƙaron ya tsane tukuna, kada su ruɓe a ƙasa. Daga nan aka tura shi Wurno kai dashe. Ina daga cikin gida na ji faɗuwar durumin, har kwanonin jerena suka yi ƙara. Mata suka kwashe shi kaf aka yi girki.

Babbar Salla ta matso. Ƙanin maigidana, Na'Allah, ya kawo raguna garkar bayan gida, ya ga sanduna miƙaƙƙu a zaure. Ya fiƙe siririn kan kowanne, ya buga su ƙasa, ya ɗaure dabbobinsa. Ban sani ba sai da na ji muryar Irmiya ta bayan zana.

"Na'Allah, ina rassana?"

"Waɗanne rassa? Turaku dai na gani. Kai Malam Irmiya, mi ad damuwa? Icce ya ƙare duniya?"

"Wannan kam ya ƙare. Ka kuma kafa su kai a ƙasa, gindi a sama. Kai idan an kafa ka haka za ka yi ganye?"

"Ni ko an kafa ni daidai ba ni yin ganye, dubi sanƙona!"

Ni dai ban yi dariya ba. Na leƙa ta tsagar zana na ga Irmiya yana bin turakun ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa yana girgiza kai. Can kusa da kwamin ruwa ya durƙusa. Wannan reshen yana da gwafa a sama, Na'Allah ya ga za ta riƙe igiya, shi ya sa ya kafa shi ta gindi. Amma wani ƙaton rago ne ɗaure a jiki, igiya har ta fara cin ɓawon.

"Kwance wannan ragon."

"Wanga? Shi aka jin tsoro garkan nan. In ya tunkuye ka babu ruwana."

Ya kuwa tunkuye shi, har Irmiya ya yi mako yana ɗingishi. Da ɗingishin ya yanko ƙayar magarya ya kewaye turken, ya shafe saman da laka da kashin shanu. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya zo ya duba. Ni aikina in miƙa wa Tabita ruwan da na tara na alwala ta zuba.

Ran da na fita takaba na tsaya a ƙofar gida, babu komai sai kwalta da rana. Na zaga garka. A kan gwafar nan akwai 'yan ganye, jajaye-jajaye, masu sheƙi. Na daɗe a tsaye ina hamdala.

Irmiya ya yi ritaya ya koma garinsu da reshen durumin ɗaya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Yanzu a gindin durumin nake shimfiɗa buzun maigidana in yi la'asar. Na'Allah har yau cewa yake shi ya dasa. Ina barinsa ya faɗa, amma na san wanda nake roƙa wa alheri.