Hoton Baba Cikin Alkyabbar Haya

A gidanmu na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, ba abin da ya kai kalmar ɗaukaka araha. Inna kan ce wa mai gawayi "Allah ya ɗaukaka ka" in ya ƙara mata gyara, haka take ce wa yaron da ya yi atishawa. Baba kuwa in aka faɗa masa sai ya ce, "Ɗaukaka ta Allah ce," ya wuce abinsa. Amma kowace wasiƙa da za ta tafi ƙauyensu a ƙasar Kano, sai ya sa na rubuta: muna nan cikin ɗaukaka. Ni ce mai rubutun, domin ni kaɗai na iya ajami a gidan.

Ɗaukakar tamu kuwa ɗaki biyu ne na katako da gwangwani. Baba ga-ruwa ne, wanda Larabawa ke kira sagga. Garwa biyu yake ratayawa a sanda, ya bi lungu-lungu yana zuba wa mutane a randa, har kafaɗarsa ta yi kanta. A ƙafa ya zo ƙasar tun yana saurayi, ya bar wansa a gona. A bayan hannunsa na hagu akwai tabon lauje, wan nan nasa ne ya yanke shi bisa kuskure suna yara.

Duk shekara kafin alhazai su koma, Baba kan je shagon mai hoto. Can ake ba da hayar alkyabba da igal, igiyar nan da Larabawa ke ɗorawa a ka, mutum ya zauna kan kujera mai hannu, bayansa an zana fada. Baba yakan haɗe rai kamar attajirin da aka ɓata wa ciniki, ni kuma in yi ta dariya. Hoton da wasiƙar sai a damƙa wa wani alhajin garinsu. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Ina da shekara sha bakwai wan nasa ya zo hajji ta jirgin sama, bai aiko da labari ba. Lokacin ina sayar da kunu a masaukin alhazai, Baba kuma yana kai musu ruwa. Wata hantsi na ga wani tsoho yana bin mutane da hoto a hannu. Da ya iso kaina na leƙa, sai ga Baba cikin alkyabba.

"'Yar nan, ko kin san mutumin nan? Ƙanena ne. Babban mutum ne a garin nan."

Kafin in buɗe baki sai ga Baba ya shigo da garwa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ga tsohon, ya ga hoton. Nan take ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, ya dube ni sau ɗaya. Na gane abin da yake nufi, na ja bakina.

Tsohon ya miƙa masa hoton. "Bawan Allah, kai da ke shiga gidajen manya, ka san shi?"

Baba ya sauya murya, ya cusa Larabci. "Aiwa, ya hajj, na san shi. Musafir ne, ya tafi Sham kasuwanci."

Tsohon ya daɗe yana kallon Baba yana juye ruwa a randa. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin kuka da daddawa. "To ka kai wa iyalinsa. Ka ce shekara talatin ina tanadin ganinsa. Allah ya ɗaukaka ka."

"Amin," in ji Baba, ya karɓa da hannu biyu.

Ina tsaye da ludayi a hannu. Kalma ɗaya ce a bakina, kuma na kasa furta ta. In na faɗa na tona wa ubana asiri, in na yi shiru tsohon nan ya koma da kewa. Na ji haushin Baba, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin hannuna da ya yi ta rubuta wasiƙun nan.

A ranar Inna ta yi miyar kuka, ƙamshinta ya cika lungu. Baba bai sa hannu ba. Har alhazai suka tashi bai sake taka masaukin ba, wani ya bar wa layin.

Da hajji ta zagayo wasiƙa ta zo. Na zauna a bakin ƙofa ina karanta masa. Gaisuwa ce, da labarin damina, sai a ƙarshe: "Ka gaishe mini da mai ruwan nan mai tabon lauje. Ka ce masa na ga ba ya so, shi ya sa ban kira sunansa ba. Ka ce masa shi na zo gani, ba alkyabba ba."

Baba ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce, "Ɗauko takarda." Na ɗauko, na tsoma alƙalami, na jira. Har tawadar ta bushe a bakin alƙalamin.

Alhajin da ya kawo wasiƙar yana zaune gefe tun ɗazu, kansa a ƙasa. Sai a lokacin ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Mai wasiƙar ya rasu bayan girbi."