Furen Yaya Balaraba Ya Buɗe

A watan nan Yaya Balaraba ke cika shekara biyar da komawa ga Mahaliccinta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka kabarinta. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan soya waina in yi sadaka, in yi shiru. Bana kam shirun ya gagare ni, domin ina da albishir, kuma wadda ta fi kowa cancantar jin sa ba ta nan.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta, Malam Sani, direban babbar mota ne mai kai masara Jos daga nan Kontagora, mutumin kirki amma bai iya daɗin baki ba. Wata rana ya dawo mata da fure ƙwaya ɗaya a robar ruwa, ja jawur, a nannaɗe kamar an yi ta naɗa ɗankwali kan ɗankwali. Ya miƙa mata yana kallon bango.

"Mai sayarwa ya ce sunansa ranunkulas, asalinsa daga ƙasar Farisa. Wai in ka ba mutum, kana nufin ya cika maka ido ke nan. Shi ya faɗa fa, ba ni ba."

Yaya ta ce shekara ashirin suna tare, ba ta taɓa jin zance mai tsawon wannan daga bakinsa ba.

Bayan Malam Sani ya rasu, sai ta ƙudurta sai ta ga furen nan ya buɗe a tsakar gidanta. Ta yi saƙon irinsa daga Jos. Ashe ba ƙwaya ba ce, wata busasshiyar saiwa ce 'yar mitsitsiya, kamar ƙafar kaza da ta ƙanƙance. To, mu 'ya'yan manoma ne, abin da muka tashi muka gani shi ne ruwan farko na sauka a yi shuka. Haka ta yi damina uku, duka ukun saiwar ta ruɓe. Maƙwabciyarta Ladi takan leƙo ta katanga ta ce, "Balaraba, wai abin nan miya ake yi da shi ko magani?" Ita kuma ta ce, "Abincin ido ne, Ladi. Ke ciki kawai kika sani."

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kira ni ta damƙa min gwangwanin madara, saiwa goma sha biyu a ciki. Ta ce, "Asabe, amana na ba ki. Ran da ya yi fure, ki kai wa Rukayya, ki faɗa mata abin da babanta ya faɗa min." Rukayya ita kaɗai Allah Ya ba su, a lokacin tana sakandare.

Ni ma da ruwan farko ya sauka na shuka shida a tukwane, suka bi sahun na baya. Na zauna gaban tukwanen na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Jos ba ta gagare ni ba, da na so da na yi saƙon wasu, amma ba za su zama waɗanda hannunta ya taɓa ba.

Mafita ta zo ta bakin Mama Saratu, wata dattijuwa 'yar Tungan Magajiya da ke kawo min albasa. Ta juya saiwar a tafin hannunta ta yi dariya. "'Yata, ba kowace shuka ke son damina ba. Abin da ya fito daga Jos ai ɗan sanyi ne. Ki jira a gama girbi." Magana ɗaya tak, wadda da Yaya ta ji ta, da ta huta da baƙin cikin shekara uku.

Na jira. Da sanyi ya shigo na jiƙa su da safe har zuwa azahar, suka kumbura, na binne su yatsun saiwar na kallon ƙasa. Suka tsiro! Sai dai sanyin Kontagora ba ya daɗewa. Kafin su kai ga fure zafi ya taso, ganyen ya bushe. Na tone saiwar na adana. Shekara uku ina haka, suna raguwa, har suka koma uku.

Bana ina ɗiban ruwa sai na taka yashin da ke ƙarƙashin randa, na ji sanyinsa har ƙwaƙwalwa. Nan na binne su tun sanyi bai iso ba, suka fara saiwa a ɓoye, suka riga lokaci. Daga nan na mayar da su tukunya. Da hantsi su sha rana, da azahar in kinkime su zuwa inuwar mangwaro. Maigidana ya ce ko 'ya'yansa ban yi wa wannan reno ba. Ranar wata Juma'a na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na leƙa. Guda biyu sun buɗe, jajaye, naɗi kan naɗi. Alhamdu lillahi! A wurin na yi sujadar godiya.

Ina ma Yaya ta ga gidan nan a makon. Matan unguwa sun yi ta shigowa suna ɗaukar hoto da waya, abin da na san zai ba ta dariya, ita da ko madubi ba ta cika dubawa ba. Ladi da kanta ta zo roƙon iri. Na ce, "Na miya kike so ko na magani?" Ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne naci, da yaƙinin cewa abin da ido ke gani ya bushe ƙayau, Mai rayawa Yana iya raya shi. Shekara biyar ina ganin haka a cikin tukunya.

Rukayya yanzu tana ɗakinta, da goyo. Na yanki ɗaya na sa a robar ruwa, yadda babanta ya yi, na kai mata. Na ba ta labarin tun daga farko, sannan na miƙa mata na ce, "In ji mahaifiyarki, kin cika mata ido."

Ta karɓa da hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba. Ta ce, "Inna, ita ta faɗa ko ke?"

Na ce, "Mu duka."