Baba Ishaku, Manomin Inabi a Bakin Teku

Ina bakin aiki a asibiti da safiyar Talata ƙanena Bitrus ya kira ni. Bitrus da ba ya amsa mini magana sai da Turanci, ran nan da Hausa ya ce, "Yaya, Baba ya tafi." A gona aka same shi zaune a gindin inabi, almakashin yanke reshe na hannunsa. Zuciyarsa ce ta tsaya.

Mahaifinmu Ishaku ɗan Wusasa ne ta Zariya. Karatun noma ya kawo shi Amurka, ya zaunar da mu a unguwar Jamaica ta yankin Queens, shi kuma ya kama aikin kula da wata gonar inabi can ƙarshen Long Island, inda teku ya sa ƙasa a tsakiya. Baƙin inabi yake nomawa, irin da ake kira Merlot, wanda ake matsewa a yi jan ruwan inabi mai kauri, mai nauyi a harshe. Yakan ce iskar teku ce ke yi masa rabin aiki: ta rage zafin rana, ta jinkirta sanyi, 'ya'yan su nuna a hankali. "Kada ki shagwaɓa inabi da ruwa, Rifkatu," yakan ce mini. "Sai ya ɗan ji ƙishi yake zaƙi."

Mu Kirista ne, maƙwabtanmu kuwa yawanci Musulmi. Baba bai taɓa ɓoye sana'arsa ba, bai kuma taɓa shiga gidan kowa da kwalbar giyar inabi ba. Lokacin girbi sai ya ciko mota da ɗanyen inabi, ya bi ƙofa ƙofa. Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi da ke ƙasan benenmu, yakan tsokane shi: "Ishaku, gara da ka kawo mini tun bai lalace ba!" Baba ya yi dariya ya ce, "Naka ke nan, Alhaji, halas daga reshe."

Abin da na fi alfahari da shi ya faru ne wata shekara da aka ce guguwa za ta taso daga teku, ga inabi ya nuna, rabi kawai aka tsinke. Mai gonar ya ce kowa ya ci gaba da tsinka har iska ta fara. Masu tsinkar kuwa baƙi ne irinmu, wasunsu da ƙananan yara a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ruwa ke iya cikawa. Baba ya tara su ya ce kowa ya je ya kwashe iyalinsa. Mai gonar ya fusata, ya tambaye shi ko ya san a bakin aikinsa yake wannan.

Baba ya ce, "Na sani. Inabi zai sake tohowa baɗi, mutum ba ya sakewa."

Guguwar ta zo, abin da ya rage a reshe ya ruɓe. Aka sallami Baba. Duk lokacin sanyin nan a gida ya yi shi, ba mu taɓa jin ya aibata mai gonar ba. Da lokacin aiki ya zagayo, ma'aikatan suka ce ba mai taka gonar sai da Ishaku. Mai gonar da kansa ya zo har gida ya ba shi haƙuri. Rabin da aka tsira da shi ya ba da ruwan inabi kaɗan, amma mai jiki da ƙamshi, har aka buga sunan Baba a jikin kwalbarsa. Da muka yi ta murna sai ya ce, "Da sunan mutanen da suka tsinka aka sa, da ya fi."

Ranar jana'iza su suka ɗauki akwatinsa. Wata daga cikinsu ta jawo 'yarta gabana, ta ce da bai kore su gida ran nan ba, da ruwa ya tarar da yarinyar a ɗaki.

Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓe shi cikin salama. Allah ya ba Mama haƙurin wannan rashi, ya riƙe ni da Bitrus, ya sa mu iya riƙe sunan da ya bar mana. Amin.